Takwas Biyun da Na Ƙi Amsawa

Ku matso kusa, ku kifa wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan zan ce muku, amma wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, kuma masu shaida suna nan da ransu.

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa shekarar da aka haifi Safiya, Hajiya Rabi ta bar 'yar cikinta da ɗanyen jego a garin Columbus, ta je ta tare a gindin gadon wata 'yar Sin a asibiti. Haka aka yi, ban musa ba. Dalilin ne ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni, shi zan ba ku yau tun bakina yana motsi. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Ɗana Nasiru ne ya ɗauko ni daga Kano lokacin da matarsa Bilkisu ta haifi tagwaye, wai in yi wata shida in koma. Wata shidan ne har yau ban gama ba. Muna hawa na huɗu a wani dogon gini a unguwar Morrisania. Garin nan kuwa duk rubutu ne, bango rubutu, ƙofa rubutu, kwalbar magani rubutu, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Amma na san lamba. Na daɗe ina sayar da atamfa a gida, ba a yi mini wasa da yadi shida da goma sha biyu. Lamba ce ta zame mini ido a nan: lambar bas, lambar hawa, lambar titi. In ka faɗa mini sunan titi ka ɓatar da ni, in ka ce ɗari da sittin da tara zan kai kaina in dawo.

Da tagwayen suka shiga makaranta sai gida ya yi mini faɗi. Wata ranar Alhamis na kai kayanmu wani shagon wanki mai injuna, layi uku daga gidanmu. Mai shagon wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin, 'yar siririya, gashinta fari fat, ta girme ni da kamar shekara goma. Ina ninke zannuwana sai na ga ta tsaya a kaina tana kallon hannuna. Ta ɗauko wani zanin gado mai roba a baki, irin wanda yake gagarar kowa, ta miƙo mini. Na ninke shi tsaf kamar turmin atamfa. Ta tafa hannu, ta jawo mini kujera, ta zuba mini ruwan zafi a kofi. Daga ranar na fara zuwa taya ta ninki. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, sai na sa mata Lami, tunda ranar Alhamis Allah ya haɗa mu, kuma don ta girme ni nake ce mata Yaya Lami. Ita kuma tana kirana Meme. Daga baya na ji wai ƙanwa ke nan a bakinsu.

Shekara biyar muka yi tare, ba ta jin Hausa, ba na jin nata, Turancinmu mu biyu in an haɗa ba zai cika cokali ba. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo, Jun, ya koma ƙasarsu yana aiki, ita tana kwana a wani ɗaki a bayan shagon. Da mutanen Kano murya nake aika musu ta waya, su aiko mini murya. Da Yaya Lami murya ba ta da amfani, sai muka koma lamba. In ta aiko bakwai, in zo da ƙarfe bakwai. In ta aiko sha ɗaya, inji na sha ɗaya ya lalace, kada in zuba wa kowa kaya a ciki. Kullum kuma da yamma, in na yi mata sallama na fito, ba na kai kwanar farko sai wayata ta yi motsi. In duba in ga takwas biyu a jere. Na ɗauko wannan na kai wa Nasiru, ya juya wayar ya yi dariya.

“Umma, ko dai caca kuka fara ke da ƙawar taki? Wannan ai kamar lambar da ake bugawa ce.”

“Ka ci gidanku,” na ce. “In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba.”

Jun ne ya warware mini, wata rana da uwar ta kira shi ta waya mai hoto, Nasiru yana fassara mini Turancinsa. Ya ce takwas a harshensu tana da amo irin na kalmar da Turawa suke ban-kwana da ita, shi ya sa samarinsu in sun gama hira a kwamfuta sai su buga takwas biyu, wato sai an jima. Wasu su ƙara shida a ƙarshe, wato to shi ke nan, na tashi. Ya ce tun yana saurayi ta gani a wurinsa ta riƙe, yanzu yaran ƙasarsu ma sun daina yayinta, uwarsa ce kaɗai ta ƙi saki. Yana faɗa yana dariya, ita kuma tana dukan wayar da yatsa.

Ni ban yi dariya ba, don na gane abin da take yi. A gidanmu baƙo ba ya fita shi kaɗai. Ana raka shi zaure, in na kusa ne a taka masa har bakin titi, kuma ba a sakin zuciya sai an ji ya sauka lafiya. Yaya Lami gwiwoyinta sun gaji, ga shago ba ta iya bari. Takwas biyun nan ita ce rakiyarta. Sai na sa wa kaina doka: ba na amsawa a hanya. Sai na hau hawa na huɗu, na buɗe ƙofa, na cire takalmi, sannan in mayar mata da takwas biyu. Nata yana cewa sauka lafiya, nawa yana cewa na tafi, na isa. Ba wanda ya zauna ya tsara mana wannan, amma in na tsaya sayen albasa na daɗe ban amsa ba, washegari zan tarar da ita da fuska a ɗaure.

To, a shekarar da nake ba ku labari, autata Habiba tana da cikin fari a Columbus, inda mijinta yake aiki. Kun san haihuwar fari hakkin uwa ce. A gida da sai ta dawo ɗakina ta haihu, ta yi arba'in ina yi mata wankan jego safe da yamma, ina dama mata kunun kanwa. Tunda nan ba gida ba ne, ni zan je. Na haɗa jakata tun saura wata guda: ganyen darbejiya busasshe da aka aiko mini daga Kano, kanwa, citta, kanumfari, kimba, garin gero. Habiba ta riga ta faɗa mini a asirce cewa mace ce, kuma sun yanke ita da mijinta sunana za ta ci. Na nuna wa Yaya Lami hoton cikin, na nuna mata jakar, na buga mata arba'in a waya. Ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta buga talatin ta nuna ƙirjinta. Ashe su ma mai jego wata guda take yi a ɗaki, ba ta shan ruwan sanyi, ba ta taɓa aiki, uwarta ce a kanta.

Saura mako biyu in tafi, ranar wata Talata, na yi mata sallama na fito. Na wuce kwanar farko, waya shiru. Na wuce ta biyu, shiru. Na hau sama na cire takalmi, na yi alwala na yi magariba, na duba, babu komai. Na ɗauki mayafina.

“Umma, ina kuma za ki?” in ji Bilkisu. “Ga abinci na zuba.”

“Ba ta yi mini sallama ba.”

“Wataƙila cajinta ne ya ƙare.”

“Shekara biyar bai ƙare ba sai yau?”

Ina da makullin ƙofar baya. Na same ta a ƙasa tsakanin inji na uku da na huɗu, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki, wayar tana can ƙarƙashin tebur inda ta zame. Idonta a buɗe yake, yana kaina. Na kira Nasiru, ya kira motar asibiti. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, da an ƙara daɗewa da ba a same ta ba. Maganarta ta ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage mata mai motsi sosai shi ne hannun hagu. Aka kira Jun, yana kuka, ya ce takardunsa na shigowa sun ƙare, sai an sabunta, zai yi mako uku ko fiye kafin ya iso. Na karɓi wayar daga hannun Nasiru na kalli yaron nan, na ce a faɗa masa ba zan gusa ba sai ya zo. Nasiru ya kalle ni kafin ya fassara. Na ce ya faɗa yadda na faɗa.

Ku tsaya in gaya muku abin da ya sa wannan maganar ta fito daga bakina, don ba suɓutar baki ba ce. Innata ta rasu a asibiti a Kano ina nan garin, shekara ta biyu da zuwana. Wadda take jinyarta ta fita sayo ruwa, kafin ta dawo an ja mata mayafi. Ba kowa a kanta. Ba wanda ya riƙe hannunta, ba wanda ya ce mata komai. Matar da ta rako ni har bakin mota tana riƙe da gefen mayafina, ita ce ta tafi ba rakiya. Na yi shekaru ina ganin wannan ɗakin a idona ko da yake ban taɓa shigarsa ba. Da na ga Yaya Lami kwance cikin mutanen da ba su san ko sunanta daidai ba, ɗakin nan na gani.

A lissafina zan yi duka biyun: Jun ya iso, ni in wuce Columbus, in na makara da 'yan kwanaki ne. Allah bai tsara haka ba. Kwana huɗu da kwanciyar Yaya Lami, naƙuda ta kama Habiba kafin lokaci, ta sauka lafiya. Da rana ta kira ni, muryarta a dashe, jaririya tana kuka a gefe.

“Umma, ta zo. Yaya Nasiru ya ce akwai bas gobe da safe.”

“Alhamdu lillahi. Sannu, Habiba, sannu da arziki. Ki saurare ni. Ba zan samu zuwa gobe ba.”

“Jibi ke nan?”

“Sai ɗan matar nan ya iso.”

Sai muryarta ta tashi.

“Umma, wasa kike yi? Ni ce fa. Haihuwar fari ce fa. Matar nan asibiti take, akwai likitoci, akwai nas.”

“Nas tana tashi in lokacinta ya cika. Ke kina da miji, kina da uwar miji a gari ɗaya. Ita ba ta da kowa sai ni.”

“Ni ma uwa ɗaya gare ni,” in ji ta, ta kashe.

A gida ma ban samu mai goya mini baya ba. Nasiru ya zauna a gabana ya haɗa hannuwa kamar mai roƙon gafara, ya ce shi zai riƙa leƙa ta in ya tashi daga aiki. Na tambaye shi ko ya san ba ta shan ruwan da suke kawowa da ƙanƙara a ciki, kwana biyu tana juyar da kai suna rubuta wai ta ƙi sha, sai da na zo da fulas na ruwan zafi ta shanye kofi biyu. Na tambaye shi ko ya san in ta ɗaga yatsa biyu juyi take so, in ta dafe ciki bayan gida ne. Ya sunkuyar da kai. Bilkisu kuwa daga kicin ta jefo tata.

“Ni dai abin da mutane za su faɗa nake ji. Ace an bar jika ta fari saboda wadda ko salla ba ta yi.”

“Maƙwabciyata ce,” na ce. “Ban ji an ce sai mai salla ake yi wa maƙwabtaka ba. Mutane kuma su zo su faɗa a gabana.”

Wanda ya fi kowa matsa mini in tafi, ba za ku yarda ba, Yaya Lami ce da kanta. Na yi kuskure na nuna mata hoton jaririyar, don in faranta mata. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta kalli ƙofa. Ta nuna wayarta da ido, na ɗora mata a kan cinya. Da babban yatsan hagu, a hankali, tana kuskurewa tana gogewa, ta buga abin da za ta buga. Wayata ta yi motsi a cikin jakata, alhali ina zaune taku ɗaya daga gadonta. Na ciro na duba. Takwas biyu. Sallamata take yi, tana cewa tashi ki tafi.

Na kifa wayar a cinyata na ci gaba da jan carbi. Ku gane, ban taɓa mayar mata da takwas biyu ba sai na tafi na isa. In na amsa ina zaune na yi mata ƙarya, in na amsa da gaske na bar ta ke nan. Don haka ban amsa ba. Ta zuba mini ido, ɓarin fuskarta mai motsi ya murtuke. Washegari ina shigowa, ko zama ban yi ba, ta sake aikowa. Na nuna mata na gani, na mayar jaka, na buɗe fulas. Rana ta uku ta cika fuskar wayar da takwas, layi a kan layi, har wata nas baƙar fata mai fara'a ta leƙa ta tambaya da hannu ko wayar ce ta lalace. Jun ya kira, Nasiru yana tsaye, ya ce uwarsa ta lallaɓa ta rubuta masa a waya da yatsan hagu cewa a ƙasarsu uwar da ba ta zo wa 'yarta watan jego ba, 'yar ba ta mantawa har ta tsufa, don haka umarni take ba ni a matsayinta na babba.

“Ka ce mata na ji,” na ce. “Ka ce mata a ƙasarmu ma haka ne. Ka ce mata ta buɗe baki ga kunu.”

Kunun shinkafa nake dama mata mai ruwa-ruwa, bayan likita ya yarda. Tana sha tana harara ta.

Ranar suna ina asibiti. Na fita baranda, Nasiru ya haɗa ni da su ta waya mai hoto. Na ga ɗakin cike da mata, na ga Habiba ta sha lalle, uwar mijinta Hajiya Safiya tana riƙe da jaririya. Aka yi addu'a, aka faɗi suna. Safiya. Na ji shi sarai, ba sai an maimaita ba. Na ce Allah ya raya, Allah ya yi mata albarka, na yi wa Hajiya Safiya barka da takwara, kuma har zuciyata ta cancanta, don ita ta tsaya a kan ruwan zafin da ni ya kamata in tsaya. Habiba ba ta kalli wayar ba ko sau ɗaya. Ke Safiya, yau kin ji. Da Rabi za a kira ki. Ba a ƙwace mini ba, ni na ajiye shi da hannuna, kuma sunan da kike da shi na mutuniyar kirki ne.

Na koma ɗaki na zauna. Da wane harshe ma zan faɗa mata? Amma Yaya Lami ta karanci fuskata yadda take karanta tabo a jikin riga. Ranar ba ta aiko takwas ba. Ta miƙo hannun hagu ta kama gefen mayafina ta riƙe, hawaye yana bin ɓarin fuskarta zuwa kunne. Na goge mata, na goge nawa. Muka zauna haka har aka zo aka ce lokacin baƙi ya ƙare.

Jun ya iso Safiya tana da kwana ashirin da uku a duniya. Ya shigo da jakarsa daga filin jirgi, ya faɗi a kan uwarsa. Da ya ɗago ya juyo wurina ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya daɗe a haka, sai da na ce Nasiru ya ɗaga shi, ba a yi wa mutum wannan. Na nuna masa fulas, na nuna masa yatsa biyu da ma'anarsu, na nuna masa yadda ake tallafe kafaɗar da ta mutu in za a juya ta. Sannan na tsaya a kan Yaya Lami na yi mata sallama irin tamu, na ce ta yafe mini abin da na yi mata da sani da rashin sani, ni ma na yafe mata. Ba ta jin kalma ɗaya, amma ta gyaɗa kai a daidai wurin da ake gyaɗawa. Ban kai ƙofar lif ba wayata ta yi motsi.

Washegari da sassafe na hau bas da jakar darbejiyata. Yini guda muna tafiya. Wayar tana hannuna, takwas biyun tana kallona, ban taɓa ta ba. Sai da mijin Habiba ya ɗauko ni daga tasha, muka tsaya a ƙofar gidansu, na cire takalmi a kan tabarmar bakin ƙofa, sannan na ce ya dakata. Na buga takwas, na ƙara takwas, na aika. Daga nan na yi sallama na shiga.

Ba zan yi muku ado ba. Habiba ta ce mini sannu da zuwa kamar yadda ake ce wa mai kawo wasiƙa. Da asuba na dafa ruwa da ganye, ta ce ta riga ta saba da hannun Mama, wato uwar mijinta. Na bar ruwan ya huce na zubar. Rana ta biyu haka. Rana ta uku Hajiya Safiya, Allah ya saka mata, ta ce bayanta yana ciwo, ta ƙi fitowa daga ɗaki, ni kuwa na san lafiyarta ƙalau. Habiba ta shigo banɗaki ta zauna a kan kujera ta ba ni baya. Na tsoma ganye na fara. Har muka gama arba'in ba ta ce mini komai a kan maganar ba, ni ma ban ce ba. Mun yi shekaru a haka, ana gaisawa, ana zumunci, amma akwai wani ɗaki a tsakaninmu da ba mai buɗewa. Wannan shi ne abin da na biya, ya fi sunan ciwo. Kuma in aka mayar da ni wannan barandar asibitin yau, a kujerar nan zan sake zama. Habiba tana da hannuwa huɗu a kanta. Waccan tana da nawa biyu.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare. Yaya Lami ba ta sake magana ba, amma ta tashi zaune, har tana takawa da sanda. Bayan wata huɗu Jun ya sayar da shagon ya tafi da ita gida. Da yake kwashe ɗakinta ya samu wani ƙunshi da ta haɗa tun kafin ta faɗi: jan dabino irin nasu da baƙin sukari, abin da suke ba mai jego, da hoton cikin Habiba da na ba ta a manne a kai. Ya kawo mini, na aika Columbus, ban ji an ce komai ba. Ranar da za su tashi ta aiko mini takwas biyu da shida a ƙarshe, karo ɗaya ke nan da ta taɓa ƙara shidan. Na riƙe ban amsa ba sai da Jun ya sanar da Nasiru sun sauka. Ta ƙara shekara biyu a duniya. Kullum in za ta kwanta, mu nan hantsi ne, sai wayata ta yi motsi, in amsa. Wata safiya ba ta yi motsi ba. Ban jira an kira ni ba, na ce wa Nasiru ya nemi Jun. Jun ya ce ta tafi yana riƙe da hannunta, matarsa tana riƙe da ɗayan. Da na ji haka na tashi na ci abincina.

Jun yana da 'ya'ya biyu yanzu, duk sallar azumi sai ya kira, ya koyi cewa barka da salla. Shagon ya zama wurin gyaran waya, ba na bin layin. Nasiru ya yi furfura, har yau in ya ga ina latsa waya sai ya ce ko lambar ta ci. Bilkisu, da tata uwar ta kwanta a Kano, ta bar aiki ta bar yara ta tafi wata uku, da ta dawo ta zo ɗakina ta zauna ta daɗe ba ta ce komai ba, na ce na ji. Hajiya Safiya ta riga mu, Allah ya jiƙanta, ni na yi mata wanka. Takwararta ga ta nan ta fi ni tsawo, ana yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci.

Habiba kuwa, ita ce take riƙe da alƙalamin nan. Ita ta ce in faɗa ta rubuta. Sau biyu ta ajiye shi ta fita, na jira ta dawo, ba ta canza ko kalma ba. Ɗazu ta gaya mini jan dabinon nan ta dafa shi ta sha tun a lokacin, ba ta dai faɗa mini ba ne. Gobe da safe za su kama hanyar Columbus. Gwiwoyina ba sa kai ni bakin titi yanzu, daga taga zan tsaya. Kafin su kai kwanar farko zan aika mata takwas biyu, ta kuma san ba a amsawa sai an cire takalmi.